Amsar Wasiƙa: Shin Alkafura Ma Wasa Ce Ta Cin Lambar Zinariya?

Yau wasiƙu biyu ne suka zo da magana ɗaya. Ta farko daga Gwandu, inda wani magidanci ke cewa ɗansa mai shekara 9 ba ya da aiki sai alkafura a kan yashi, har malaminsu ya ce a kai shi Birnin Kebbi a gwada shi, shi kuwa tsoro yake ji kada yaro ya karya wuya a banza. Ta biyu daga wani malamin firamare a Kalgo, yana tambaya ko gaskiya ne ana gasar wannan abu a Wasannin Afirka.

To Malam na Kalgo, gaskiya ne. Sunan wasan jimnastik, kuma an yi shi a nan gida lokacin da Abuja ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka a watan Oktoba na 2003. Maza na gwada gwaninta a fanni shida: alkafura a dandali, juyi a kan dokin katako mai mariƙi biyu, lilo da zobba, tsallake teburi, sanduna biyu na jere, da sanda ɗaya ta sama. Mata kuwa fanni huɗu ne, ciki har da tafiya da juyi a kan wani katako mai tsawon mita 5, faɗinsa santimita 10 kacal. Ka dubi tafin hannunka, Malam, kusan iyakar faɗin ke nan.

Ƙasashen da suka daɗe suna kwashe lambobi a nahiyarmu su ne Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Nijeriya sai a 2019, a Wasannin Afirka na Rabat a ƙasar Maroko, ta ci zinariyarta ta farko, ta hannun Uche Eke a kan dokin katako, ya kuma haɗa da tagulla a sanduna biyu. Shi ne kuma ɗan Nijeriya na farko da ya yi wannan wasa a gasar Olamfik, ta Tokyo a 2021. Amma fa a lura, a Amurka aka haife shi, a Jami'ar Michigan ya samu horo. Wato kayan aikin wasu ne suka gina mana shi, kuma ni a ganina wannan abin jin kunya ne ga masu riƙe da harkar wasanni, ba abin tinƙaho kaɗai ba.

Yadda ake ba da maki shi ne abin da ya kamata Alhaji na Gwandu ya saurara da kyau. Da can iyakar maki 10 ne, irin wanda Nadia Comaneci ta Romaniya ta samu a Montreal a 1976 tana da shekara 14. Daga 2006 aka raba shi biyu: makin wuyar abin da ka yi, da makin tsabtar yadda ka yi shi. Ka lanƙwashe gwiwa, a rage. Ka dira ka ƙara taku, a rage. Ka faɗi, maki guda ya tafi. Saboda haka mai koyarwa na ƙwarai dira yake fara koya wa yaro kafin tashi sama, ya kuma ƙarfafa masa wuyan hannu da kafaɗa da baya.

Tsoronka yana kan hanya, Alhaji. Haɗarin yana wajen da yaron yake yanzu, inda 'yan'uwansa ke zuga shi ya yi biyu a sama, ba katifa, ba babban da zai tare shi. Dira a kan ka ko wuya na iya taɓa lakar baya, ya bar mutum kwance har ƙarshen rayuwa. Hana shi kuwa da wuya ya yi tasiri, bayan gari zai koma ya ci gaba a ɓoye.

Shawarata, ka je da ƙafarka ofishin wasanni na jiha a Birnin Kebbi, wajen filin wasa na Haliru Abdu. Ka yi tambaya uku: akwai mai koyarwa da ya karanci wannan fanni? Akwai katifun dira? Wa zai riƙa kula da yaro da karatunsa, na boko da na allo? In amsa ta gamsar da kai, bismillah, shekarunsa daidai ne da farawa, don sai ya kai 18 zai shiga ajin manya, kuma matakin farko shi ne gasar makarantu, sannan Gasar Wasanni ta Ƙasa wadda aka soma a Legas a 1973. In babu katifa, kada ka bar shi ko da an ce maka gobe za a kawo.

Kai kuma Malam na Kalgo, kafin kayan su samu, ka tsaya da yara a kan mirgine gaba da baya, tsayuwa da hannu a jikin bango, da miƙe gaɓoɓi. Juyi a sama, a dakata da shi tukuna.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.