Kogin Faro da Buƙatar Dokar da Za Ta Bar Shi Ya Gudana



Arewacin Kamaru ba baƙo ba ne a harkar kare namun daji. Tun 1932 aka keɓe dajin Binuwai, ya zama gandun ƙasa a 1968, shekarar da Buba Njidda shi ma ya samu wannan matsayi, sannan Faro ya biyo baya a 1980. A nan Garwa aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan namun daji a 1970, wadda ta yaye jami'ai daga ƙasashen Afirka da dama. Sai dai duk wannan ƙoƙari a tudu ya tsaya. An shata wa daji iyaka, an hana harbi da saran itace, amma kogin da ke shayar da dajin ba shi da wata kariya tasa ta kansa. A taswirar gandun Binuwai da ta Faro, kogi layin iyaka ne kawai. Hujjar wannan takarda ita ce, ya kamata gwamnati ta yi dokar da za ta kare kogin Faro a matsayinsa na kogi, daga mafarinsa a tsaunukan Adamawa zuwa inda ya haɗu da Binuwai a bakin iyakar Najeriya, kuma a yi haka tun kafin wani kamfani ya zo da takardun madatsa a hannu.

Dalili na farko yana nan kusa da mu, tazarar kilomita kamar 50. An fara gina madatsar Lagdo a 1977 da taimakon ƙasar Sin, aka kammala a 1982, tana da ƙarfin megawat 72. Babu mai musun amfaninta: ita ta haska Garwa da Marwa da Ngaundare shekaru da dama, tafkinta kuma ya tara masunta daga wurare masu nisa. Amma kafin a gina ta, Binuwai kan cika ya malala cikin fadamu kowace damina, ya zube laka, ya janye. A kan wannan ƙasa da Fulani ke kira karal ake dasa muskuwari, wato dawar rani. Manomi zai ɗauki sanda mai tsini ya huda ƙasar da ta fara tsagewa, ya zuba ɗan ruwa a ramin, ya sa dashe biyu, shi ke nan. Dawar za ta rayu da danshin da ambaliya ta bari har a girbe ta a tsakiyar rani, ba taki, ba injin ban-ruwa. Da aka tare kogin, malalar ta ragu, filayen muskuwari na ƙasan madatsar suka tsuke, burtalin da shanu ke samun ɗanyar ciyawa da rani ya ragu, kifin da ke shiga fadama ya yi ƙwai ya rasa hanya. Lakar da a da take zama taki a gonaki yanzu a gindin tafkin take kwanciya, tana cinye wurin ruwa, kuma tana cikin dalilan da ke sa wuta ta yi ƙaranci idan rani ya yi nisa.

Abin da ya faru a kogin Logon ya fi wannan bayyana, domin a can an gwada gyara. A 1979 aka gina madatsar Maga da shingen ƙasa a gefen kogin don noman shinkafar hukumar SEMRY. Ruwan da ke malala cikin yayre, wato babbar fadamar da ta kai har gandun Waza, ya yanke a wurare masu faɗi. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kamun kifi ya faɗi, makiyaya suka kaura, namun daji suka ragu. A 1994, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN, aka fasa shingen a wuri guda domin ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa. Ciyawa da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa, amma wani yanki ne kawai na abin da aka rasa, bayan shekara 15 da kuɗi masu yawa. Rigakafi ya fi magani, kuma a sha'anin kogi maganin ma ba ya warkarwa duka.

Faro shi ne babban kogin da ya rage a wannan yanki ba tare da babbar madatsa a kansa ba. Da rani yana ratsa faffaɗan yashi da duwatsu, ya bar gurabu masu zurfi inda dorina da kada ke taruwa, inda kuma giwan ruwa da tsage ke girma har masu kamun kifi na nishaɗi ke tahowa daga Turai dominsu. Bauna da gwanki da babbar barewar nan ta Derby, wadda ta yi ƙaranci a duniya, duk a bakinsa suke sha. To amma abin da zai kashe shi yana iya zuwa daga wajen gandun. Ana iya tare ruwan a sama inda dokar gandu ba ta kai ba. Masu haƙar zinariya suna tone gaɓa suna dagula ruwa. Sare itatuwan gefen kogi na sa gaɓa ta zabtare, yashi ya cike gurbi. Mai gadin daji da bindigarsa ba shi da ikon hana ko ɗaya daga cikin waɗannan muddin a ƙetaren layinsa ake yi. Kuma mun san yadda jinkiri ke ƙarewa a wannan ƙasa: a dazukan nan ne baƙar karkanda ta Yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe, aka neme ta a 2006 ba a samu ba, aka bayyana ƙarewarta a 2011.

Irin wannan doka ba sabon abu ba ne. A watan Oktoba na 1968 Amurka ta kafa dokar kare koguna masu gudana, bayan shekarun da ta yi tana gina madatsu ba ƙaƙƙautawa. Ta fara da koguna takwas. Abin da dokar ta yi mai sauƙi ne: ta hana gina madatsa a sashen da aka ayyana, ta kuma kasa koguna gida uku, na daji da ba a taɓa ba, masu kyan gani da hanya ke kaiwa nan da can, da na shaƙatawa waɗanda mutane ke zaune a gefensu. Wannan rabe-rabe shi ne abin ɗauka, domin yana nuna kariya ba ta nufin korar mutane.

Za a ce Arewa na fama da ƙarancin wuta, yaya za a bar ruwa ya wuce a banza. Ƙorafin gaskiya ne, duk mai injin niƙa ko shagon walda a Garwa ya san shi. Sai dai matsalar Lagdo ita ce ruwa kan yi ƙasa a watannin zafi, kuma madatsa ta biyu a ƙarƙashin sama guda za ta yi ƙishi a lokaci guda da ita. Watannin nan kuwa su ne rana ta fi ƙarfi, shi ya sa tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa suka rage wahalar cikin ɗan lokaci. Ga kuma aikin haɗa layin wutar Kudu da na Arewa domin wutar Nachtigal mai megawat 420 ta iso. Ruwan da ke ciyar da gona da garke da koma kuwa ba a banza yake wucewa ba. Ba a dai rubuta kuɗinsa a littafin kowace ma'aikata ne.

Za a kuma kawo batun ambaliya, musamman daga 'yan'uwanmu na Yola da Makurɗi da Lokoja, a ce madatsa a kan Faro za ta rage ta. Ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun zo ne Lagdo na tsaye, kuma idan tafki ya cika dole a buɗe ƙofa. Gargaɗi a kan lokaci, musayar bayanai ta hukumar kogin Neja da ƙasashen biyu ke cikinta, da hana gini a kwarin kogi, sun fi arha kuma sun fi saurin ceton rai.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi nauyi a ganina. Talaka a Poli ko a ƙauyukan bakin Faro yana iya cewa kariya dabara ce ta ƙwace ƙasa a ba Turawa masu farauta, domin ya ga yadda aka kewaye gandaye da yankunan farauta na haya, shi kuma aka bar shi da tara da kamu. Idan sabuwar doka za ta bi wannan sawu, gara kada a yi ta. Abin da ake nufi a hana shi ne madatsa, da haƙar ma'adinai a cikin kogi, da kamun kifi da guba ko raga mai ƙananan ido. Shayar da dabbobi a mashayar da aka amince da ita, da su na gargajiya, da noman fadama, dokar ce ma ya kamata ta tabbatar wa masu su. Hausawa sun san wannan tsari tun da daɗewa: Sarkin Ruwa kan rufe gurbi har sai ranar da aka sa, kamar yadda ake yi wa Matan Fada a Argungu, kuma ba wanda ke kiran haka zalunci, domin masu kamun ne ke cin ribar rufewar. Lamiɓe da arɗo-arɗo da shugabannin masunta su zauna a kwamitin kogin da ƙuri'a, kuma kason kuɗin baƙi ya isa ƙauye a bayyane.

Saboda haka ina kira ga wakilan Faro da na Binuwai a majalisar dokoki, da majalisar yankin Arewa, da malaman makarantar namun daji da na jami'ar Garwa, su haɗa hannu a auna kogin, a tattara hujja, a gabatar da ƙudurin tun ana iya zaɓe.