Aikin Gadi Da Takardarsa: Jan Hankali Ga Matasanmu Da Masu Ɗaukarsu Aiki

(Jawabin da wani dattijo daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, a nan cikin garin Bauci)

  

An nemi mu ɗan yi bayani a kan aikin gadi da maganar lasisi. Mu dai ba lauyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne. To amma wanda ya kwana da kaya a rumfa shi ya fi kowa sanin darajar mai gadi. Kuma in muka duba cikinmu, mu da muka zo daga ƙasar Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Zamfara, har da 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, za mu ga da yawan yaranmu aikin da suka fara kamawa in sun sauka garin nan shi ne gadi. Wani a Kasuwar Wunti, wani a Muda Lawal, wani a ƙofar gidan wani babba a Ji'ara'e, wani a gidan mai ko makaranta. Saboda haka wannan magana tamu ce, ba ta wasu ba.

Da farko ya kamata matasanmu su sani cewa gadi ba aikin raini ba ne. Tun lokacin da Sarki Yakubu ya kafa garin nan ya kewaye shi da ganuwa, a farkon ƙarni na 19, akwai masu tsaron ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti, da Ƙofar Ran, da Ƙofar Jahun, da Ƙofar Nasarawa. Ba kowa ake ba ƙofa ba, sai wanda aka san shi, aka san ubansa, aka san unguwarsu. Sarakuna kuma suna da dogarai. A zamanin En'e aka yi 'yan gadi da 'yan doka, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan ƙasa. To abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan zamunna mai tsaro yana da wanda ya tsaya masa. Akwai wanda za a je wa in abu ya faru. Yau da garin ya cika ya batse, babu mai sanin kowa da kowa, sai takarda ta maye gurbin wancan sani.

To ina dokar ta fito? A shekarar 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma har gobe ita ake aiki da ita. Dokar ta ce duk ƙungiyar da za ta riƙa yi wa mutane gadi, ko sintiri, ko rakiyar kuɗi don a biya ta, sai ta cika sharuɗɗa uku: ta yi rajista a matsayin kamfani, ta sami lasisi daga Ministan Harkokin Cikin Gida, sannan ya kasance 'yan Nijeriya ne kaɗai suka mallake ta. Daga baya sai hukumar Sibil Difens ta shigo cikin maganar. Ita wannan hukuma ta samo asali ne a Legas a 1967 lokacin yaƙin basasa, aka yi mata doka a 2003 zamanin Shugaba Obasanjo, aka ƙara mata ƙarfi a 2007. Yanzu ita ce ke karɓar takardun masu neman lasisi, ta je ta duba ofishinsu, ta ba Minista shawara, kuma ita ke sa ido a kan kamfanonin bayan sun fara aiki. Tana da ofishinta na jiha a nan Bauci, da sashe na musamman mai kula da kamfanonin gadi.

Jama'a, a nan ne muke son a buɗe kunne sosai, don nan ne gaɓar maganar. A ƙasar nan kamfani ake ba lasisi, ba mutum ɗaya ba. A Ingila ba haka ba ne: can dokarsu ta 2001 ta ce shi kansa mai gadin sai ya mallaki lasisinsa, da katinsa a rataye. Mu kuwa namu tsarin, yaro ba ya zuwa wani ofis ya sayi lasisin gadi ya sa a aljihu ya tafi neman aiki. Hanyarsa ita ce ya shiga ƙarƙashin kamfanin da ke da lasisi, a tantance shi, a ba shi horo, a ba shi katin shaida da kayan sawa na wannan kamfani. Saboda haka duk wanda ya tare ka a tasha ko a shagon buga takardu ya ce kawo dubu kaza in samo maka lasisin gadi, wallahi kuɗinka yake so. Mun ga yaran da suka sayar da akuya a gida suka kawo kuɗin, aka ba su wata takarda mai tambari da hula da bel, ranar da aka tashi bincike sai ga shi kamfanin babu shi a ko'ina. Kuɗi sun tafi, ga kuma tuhumar sojan gona.

To me yaro zai yi in yana son shiga ta ƙofa? Abu na farko, ya mallaki lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, don yau babu inda za a saurare ka ba tare da ita ba. Na biyu, ya tanadi hotunan fasfo da takardar shaidar ƙaramar hukumarsu. Na uku, ya nemi masu tsaya masa, mutanen kirki da aka san wurin zamansu, domin kusan kowane kamfani sai ya nemi garanto. Na huɗu, kafin ya ba kowa ko sisi, ya je ofishin kamfanin da ƙafarsa, ya nemi ganin lasisinsu. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya taka zuwa ofishin Sibil Difens ya tambaya ko suna da sunan wannan kamfani. Tambaya ba ta ɓata hanya. Na biyar, kada ya fara kwana a bakin aiki sai an ba shi takardar ɗauka, wadda ta faɗi albashinsa, da awannin aikinsa, da ranar hutunsa.

Ku kuma dattawa da ake zuwa wa neman garanto, a yi hattara. Sa hannu a wannan takarda ɗaukar nauyi ne. In ka san yaro, ka san iyayensa, ka tsaya masa, Allah Ya ba ka lada. In ba ka san shi ba, kada kunya ta sa ka sa hannu don kawai kun fito gari ɗaya.

Akwai kuma abubuwan da dokar ta hana, waɗanda jahiltarsu ke jefa yaranmu cikin wahala. Ma'aikacin kamfanin gadi ba ya riƙe bindiga ko harsashi a bakin aiki, dokar 1986 ta hana ƙiri-ƙiri. Ko bindigar toka ta maharba ma, dokar makamai ta 1959 ta ce sai da izinin hukumar 'yan sanda. Haka nan ba a yarda mai gadi ya sa kaya masu kama da na soja ko na ɗan sanda ba. Wannan wandon mai ɗabbare-ɗabbare da samari ke saya a gwanjo don a ji tsoronsu, shi ne ke fara kai su ga shan duka a shingen bincike.

Sai maganar kama ɓarawo. Doka ta yarda kowane mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ce a ɗaure shi a turke har gari ya waye ana jibga ba. Tun 2017 ma akwai doka ta musamman da ta haramta azabtarwa a ƙasar nan. In ɓarawo ya mutu a hannunka, maganar sata ta ƙare, sai maganar kisan kai, kuma duk waɗanda suka taya ka duka za su watse su bar ka kai kaɗai. Aikin mai gadi ido ne da kunne da usur da tocila da waya. Ka ga abu, ka yi kururuwa, ka kira hukuma. Wannan shi ne iyakarka.

Wani zai ce, to 'yan banga fa, da 'yan kwamiti da suka yi fama da 'yan sara-suka a unguwannin garin nan, da maharba? Waɗannan muna yaba musu, sun yi ƙoƙari, wasunsu ma sun rasa rayukansu. Amma hanyarsu daban, ta kamfanin gadi daban. Su aikin sa-kai ne na unguwa, tare da masu unguwanni da 'yan sanda. Katin ƙungiyar sintiri ba ya zama lasisin karɓar kwangilar gadin banki ko asibiti. Kada a haɗa biyun.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu masu shaguna da gidaje. Dokar da muka ambata da kamfanoni take magana. Mutumin da ka ɗauka da kanka ya kwana a ƙofar gidanka, ko wanda 'yan layi suka haɗa kuɗi suka ɗauka a kasuwa, ba shi da wani kamfani a bayansa. Ke nan ba shi da kowa sai mu. In an fasa shago, shi ake fara kamawa. In 'yan fashi suka sare shi, babu mai biyan kuɗin asibiti. In ya rasu, sai a haɗa ɗan abin sadaka a aika wa iyalinsa a ƙauye, shi ke nan an rufe babi. Alhali kuwa malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun karantar da mu cewa mai gadi amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwar abin da ya ɓata sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ci amana. Ba daidai ba ne a riƙe albashin mutum na wata uku don an yi sata, ba tare da bincike ba.

Sannan a duba abin da ake biya. A 2019 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma naira 30,000, a watan Yulin 2024 kuma ya koma naira 70,000. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ai mudun masara bai san wannan ba. Ka ba mutum makullin dukiyar miliyoyi, ka ba shi abin da ba zai kai shi sati biyu ba, sannan ka yi mamaki in ya yi barci saboda da rana dako yake yi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Su kuma kamfanoni masu ma'aikata da yawa, wannan doka ta hau kansu, haka ma dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ta 2010, da dokar fansho ta 2014. Yaro ya san haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Kuma in za mu ɗauki kamfani, mu tambaye su nawa ne ke isa hannun mai gadin daga cikin abin da muke biya.

Ba za mu manta da 'yan'uwanmu na Nijar ba, Hausawa da Buzaye, waɗanda da yawansu suka shigo tun farin 1973 da 1974, suka riƙe gadi da amanar da kowa ya shaida. Dattawa a nan suna tune da korar baƙi ta 1983 zamanin Shugaba Shagari, yadda marasa takarda suka bar kayansu suka tafi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ita ta sauƙaƙa shige da fice tsakaninmu, to ga shi Nijar ta fita daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Don haka shawararmu gare su ita ce kowa ya je ofishin shige da fice ya daidaita takardun zamansa tun kafin a neme su. Rigakafi ya fi magani.

To mene ne abin yi? Muna kawo wa ƙungiya shawarwari guda huɗu. Na ɗaya, a buɗe littafi a hannun sakatare, a rubuta sunan duk ɗanmu da ke aikin gadi a garin nan, da garinsu, da inda yake aiki, da wanda ya tsaya masa. Na biyu, a rubuta 'yar takardar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya tak, boko da ajami, wadda duk ɗan ƙungiya zai yi amfani da ita in zai ɗauki mai gadi: nawa ne albashi, yaushe ake biya, wa zai ɗauki magani in an ji ciwo, da shaidu biyu. Na uku, a naɗa mutum uku su kai ziyara ofishin Sibil Difens, su roƙi a turo jami'i ya yi wa matasanmu bayani baki da baki, su kuma karɓo sunayen kamfanonin da ke da lasisi a jihar nan. Na huɗu, masu hali a cikinmu su zauna su duba yiwuwar kafa kamfanin gadi na halal. Ba ƙaramin aiki ba ne: sai an yi rajista da hukumar CAC da jarin hannun jari na naira miliyan 10, sai jami'an tsaro na farin kaya sun binciki daraktoci, sai an sami ofis, an nuna samfurin kayan sawa da tsarin horo. Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar mutum ashirin. Muna da tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya lafiya a cikinmu, ga kuma matasa majiya ƙarfi suna zaman kashe wando.

Jama'a, mu baƙi ne da muka zama 'yan gari. Mutanen Bauci sun karɓe mu, sun ba mu wurin zama da wurin nema, mun auri nasu sun auri namu. In yaronmu ɗaya ya ci amana a bakin ƙofar wani, ba sunansa za a kira ba, sunan garinmu za a kira. In kuma aka zalunci yaronmu don ba shi da takarda, mu za a zo wa da kuka. Saboda haka kada mu tashi daga wannan zama sai mun sa ranar fara rubuta littafin nan.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya tsare masu tsare mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.