Duka, Saki da Riƙon 'Ya'ya: Amsa ga Matan Gobir

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gobir, wato matan Sabon Birni, Gatawa, Unguwar Lalle da Tsamaye, da na Isa, Turba da Bafarawa, da kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya sa suka tsallaka ƙasar Maraɗi. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri. Mai surfe ta ɗan jingine taɓarya, mai ɗinkin hula ta matso kusa da rediyo, domin maganar yau ta shafi kowace ɗaya daga cikinmu.

Saƙonni uku na zaɓo daga yankinku. Kamar kullum, ba zan faɗi sunan kowa ba. Ni dai ba alƙali ba ce. Abin da zan faɗa shi ne abin da ke cikin littattafan Malikiyya da kotunanmu ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar na Shehu Halil da Tuhfa, da kuma abin da dokar ƙasa ta tanada.

Saƙo na farko daga wata baiwar Allah ne a ƙasar Isa. Ta ce: "Yaya, shekarata 7 da aure, ɗiyana ukku. In ya hasala bulala shika ɗauka. Na yi yaji sau biyu ana maishe ni. An ce in ina son hita sai na biya sadaki, ni ko ba ni da shi. Mi za ni yi?"

Ƙanwata, Allah ya kawo miki sauƙi. Wanda ya gaya miki haka, ƙofa ɗaya ya nuna miki, alhali ƙofofin uku ne. Ta farko ita ce saki, wanda ke hannun miji. Ta biyu ita ce hul'i, wato mace ta fanshi kanta. Wannan na matar da ba a cutar da ita ba ne, zaman ne kawai ya fita ranta, kamar matar Sahabi Sabitu ɗan Ƙaisu da ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙofa ta uku kuwa, wadda yawancinmu ba mu sani ba, ita ce alƙali ya raba auren saboda cutarwa. A mazhabarmu, idan cutarwa ta tabbata a gaban alƙali, mace na da zaɓin rabuwa, ba ta biyan ko kwabo, kuma ba sai an tabbatar cewa ya maimaita ba. Irin wannan rabuwa ba ta da kome, sai da sabon ɗaurin aure da yardarki. Har ma malamai sun ce idan miji ya matsa wa matarsa da azaba har ta fanshi kanta, daga baya ta kawo shaida, to sai ya dawo mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan.

Na san akwai mazan da ke fakewa da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i. Malaman da suka yi mata sharhi sun kafa sharuɗɗa masu tsauri, kuma babu wanda ya halatta dukan da ke fasa jiki, ko karya ƙashi, ko taɓa fuska. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah bai taɓa dukan mace ba. Kuma cutarwa ba ta tsaya ga bulala ba. Zagin mace da zagin iyayenta, da ƙaurace mata babu dalili, duk malamai sun lissafa su.

To, ina za ki samo shaida, ke da ake duka a cikin ɗaki? A nan Malikiyya ta yi wa mace sauƙi. Alƙali na karɓar shaidar ji, wato idan maganar ta bazu a unguwa, maƙwabta da matan gida duk sun san cewa wane yana dukan matarsa. Saboda haka ki daina rufa abin da ke cin ki. Ki gaya wa mahaifinki ko waliyyinki, ki sanar da mai unguwa da liman. Idan an ji miki rauni, ki je asibiti a ranar, ki adana katin. Idan shaida ta gagara kuma ƙara ta yi ta maimaituwa, alƙali zai iya sa a zaunar da ku kusa da mutanen kirki da za su lura, ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Idan sulhu ya ƙi, suna da ikon raba ku. Kuma ki sani, matar da ta gudu gidan iyayenta don tsira daga duka ba a kiranta mai bijire wa miji.

Ta fuskar dokar ƙasa, a shekarar 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. A cikinta dukan abokin aure laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 3, haka ma korar mace daga gida da ƙarfi da yin watsi da iyali babu ci babu sha laifuffuka ne. Jihar Sakkwato ta kafa irin tata a 2021, shekarar da aka sa hannu a dokar kare yara. A Asibitin Ƙwararru na Sakkwato kuma an buɗe Cibiyar Nana Khadija a 2020 domin waɗanda aka ci wa zarafi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba mu musa ba. Amma iyaye, don Allah idan an zo biko, ku fara duba jikin 'yarku kafin ku ce ta tashi ta bi su.

Saƙo na biyu daga Sabon Birni ya fito. Mai shi ta ce maigidanta ya tafi cin rani, yau shekara 2 babu aike babu waya, ba ta san ko yana raye ba. Maƙwabciyarta kuma ta waya aka sake ta, washegari uwar miji ta fitar mata da kaya.

'Yar uwa, tambayarki ta mata da yawa ce, musamman tun 2019 da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwan gabashin jihar nan. Abu na farko, kada ki yanke wa kanki hukunci, kada kuma wani ya ɗaura miki aure a kan aure don an ce ai ya daɗe. Alƙali ne kaɗai ke warware wannan. Idan mijin bai bar miki abin ci ba kuma ba shi da dukiyar da za a ciyar da ke daga ciki, kina iya neman rabuwa saboda rashin ciyarwa. Alƙali zai bincika, ya rantsar da ke, ya ɗiba wa'adi, sannan ya yi hukunci. Idan kuwa akwai abin ciyarwa, mutumin ne dai ya ɓace, to asalin hukuncin shi ne jiran shekara 4 bayan an kai maganar gaban alƙali kuma bincike ya gagara, sannan takaba ta wata 4 da kwana 10. Ki lura da kyau, ba daga ranar da ya bar gida ake ƙirgawa ba. Matar da ta zauna shiru shekara 5 ba ta kai ƙara ba, ko kwana ɗaya ba a fara ƙirga mata ba. Wanda ya ɓace a cikin tashin hankali kuma yana da nasa bayanin dabam, don haka ki gaya wa alƙali yadda abin ya faru dalla-dalla.

Ita kuma maƙwabciyarki, saki ta waya yana aukuwa idan ya tabbata cewa mijin ne ya furta. Kada ta goge saƙon. Ta sa waliyyinta ya nemi takardar saki, a rubuta rana da adadin sakin, da shaidu. Fitar mata da kaya kuwa saɓa wa aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ne, wadda ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta. Idda tsarki 3 ce, mai ciki sai ta haihu, wadda ba ta jini wata 3. Idan saki ɗaya ne ko biyu mai kome, cinta da shanta da wurin kwananta duk suna kan miji har ta gama. Idan saki ne marar kome, tana da wurin zama, ciyarwa kuma sai in tana da ciki. Gadonta da kwanukanta da duk abin da iyayenta suka kawo ta da shi nata ne, haka sadakinta.

Saƙo na uku shi ya fi taɓa mini zuciya. Wata ta ce: "Ranar da niy yaye ɗiyata, ranar ubanta ya aiko aka ɗauke ta. An ce ɗa na uba na."

Iyayena mata, ku saurara da kyau. Karɓe yaro ranar yaye al'ada ce. Hukuncin Malikiyya shi ne, bayan rabuwa uwa ce ke da haƙƙin riƙo, wanda malamai ke kira hadana. Ɗa namiji yana hannunta har ya balaga, 'ya mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wani bare, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, muddin ba gida ɗaya take zaune da sabon mijin 'yarta ba, sannan 'yar uwar uwa, sannan kaka ta wajen uba, kafin a zo kan uban. Duk inda yaron yake, ci da sutura da magani suna kan mahaifinsa, kuma ba shi da ikon cewa sai an ba shi yaro sannan zai ciyar.

Amma a faɗi gaskiya, uba ma yana da nasa. Shi ne waliyyi, shi ke lura da karatu da tarbiyya da aurarwa, kuma haramun ne ki hana shi ganin 'ya'yansa ko ki cusa musu ƙinsa. Ita mai riƙo dole ta kasance mai hankali da amana, a wurin da yaro zai tsira. Akwai kuma maganar ƙaura, wadda ta shafe ku mutanen bakin iyaka. Idan ɗayanku zai koma wani gari da zama na dindindin, nisan da ya kai abin da littattafai ke kira baridi 6, wato sama da kilomita 120, to hukuncin riƙo na iya canzawa. Saboda haka kafin ki kwashi yara ki ƙaura, ki nemi shawarar alƙali. Sannan ina gargaɗinku da abu ɗaya. Kada zafin rai ya sa ki ce a gaban kotu, "Ya sake ni, na bar masa yaran." Ana iya ƙulla hul'i a kan wannan kalma, kuma janye ta yana da wuya.

Na san abin da ke ran wasunku: mu da ke cikin kulle, ƙafarmu ba ta taɓa taka kotu ba, yaya za mu yi? Shari'a ba ta manta da ku ba. Kina iya naɗa wakili, mahaifinki ko yayanki ko kawunki, ya shigar da ƙara a kotun shari'a mafi kusa, a aika wa mijin sammaci. Littattafanmu sun yi tanadin cewa matar da ba ta fita da rana, idan rantsuwa ta hau kanta, ana iya yi mata da dare. Idan hukunci bai gamsar da ke ba, ki nemi kwafinsa nan take, ki ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran aure da saki da riƙon yara. Akwai wa'adi, don haka kada a yi jinkiri. Manya a cikinku na tuna Safiya Husaini ta Tungar Tudu. Kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a 2001, ta ɗaukaka ƙara, kotun Sakkwato ta sallame ta a watan Maris na 2002. Macen ƙauye ce kamar kowa, amma ta samu masu tsaya mata. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, duk a cikin garin Sakkwato.

Iyayenmu maza da ke saurare daga zaure, ba zuga matanku muke yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajis take naɗawa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu. Aikin nan nasu muke ɗan taɓawa. Gidan da mace ta san haƙƙinta, miji ya san nasa, ba kasafai yake kaiwa gaban alƙali ba.

Ku kuma 'yan uwana, rashin sani ya fi dare duhu. Wadda ta ji, ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ko kishiyarta ce, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, asirinku a rufe yake. Mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, za mu duba gadon matar da aka kashe wa miji da haƙƙin marayunta. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.