ILIMI HAKKIN KOWANE YARO NE
Jawabin da aka gabatar a bikin cika shekara 50 da kafa Ikilisiya

  Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan karatun 'ya'yanmu.

Duk wanda ya bi titin BUK ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi ya san Kwalejin Rumfa, wadda a da ake kira Midil, tarihinta kuwa ya faro tun 1927. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fasa ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa don sauƙaƙa wa ɗalibai hanya. Ku duba fa, ganuwar da kakanni suka gina don tsaron gari, sai da aka huda ta saboda makaranta. Amma 'ya'yan wa suka bi ta ƙofar nan?

Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Kano ita ce wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Shi kansa da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan. To amma makarantarsa da 'ya'yan sarakuna da malamai ta fara. 'Yan mishan kuwa, tun da Bishop Tugwell da Dokta Miller suka zo Kano a 1900 Sarki Alu ya sallame su, Turawan mulki suka taƙaita musu shiga masarautu. Saboda haka kakanninmu na karkara, waɗanda ake kira Maguzawa, suka tashi babu allo, babu boko. Da dama cikin iyayenmu sun koyi baƙi da wasali ne a ajin mai bishara, a gindin bishiya, don su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Waɗansunsu suna zaune a nan yau, Allah ya ƙara musu lafiya.

Yau kam doka tana bayanmu. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 a kan hakkin ɗan Adam, sashe na 26, ta ce ilimi hakkin kowa ne. Shirin UPE na 1976 kusan sa'ar ikilisiyar nan ne. Dokar UBE ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole, har da hukunci a kan uban da ya hana ɗansa. Tsarin mulki na 1999, sashe na 38, ya hana a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba a makaranta.

Sai dai doka tana takarda, yaro yana gona. An ce kyauta ne, amma akwai kuɗin yunifom, da littattafai, da kuɗin PTA, da na jarrabawa. Akwai makarantun da ba su da malamin darasin addinin Kirista ko ɗaya. Akwai ɗanmu Bahaushe, haifaffen ƙasar nan, da zai je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a tsaya ana duban sunansa. Ga kuma tsoro: bayan Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da makarantar Bethel Baptist ta Kaduna a 2021, iyaye da yawa sun ji tsoron makarantar kwana. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Almajirin da ke yawo da kwano a bakin Ƙofar Ɗan Agundi shi ma hakkin nan nasa ne, kuma maƙwabcinmu ne.

'Yan'uwa, wani shingen kuwa mu muka gina shi da hannunmu. Idan kuɗi suka gaza a gida, 'ya mace ake fara cirewa. A ɗora mata talla, ko a tura ta aikatau birni, ko a yi mata aure don a huta. Iyayena mata, ku gafarce ni, amma Timoti a hannun uwarsa da kakarsa ya taso cikin bangaskiya, ya san Littattafai tun yana yaro. Yarinyar da muka cire daga aji uku, me za ta karanta wa nata Timotin? Haka kuma yaro makaho ko kurma da muke ɓoyewa a ɗaki, alhali tun 1953 akwai makarantar makafi a Gindiri.

Roƙona ga dattawa shi ne a ware wani kaso daga baikon bikin nan don kuɗin jarrabawar marayu da 'ya'yan gwauraye, mata su sami rabi. Bayan sujada, sakataren ikilisiya zai zauna a bakin ƙofa da littafi. Duk wanda ya san yaron da ba ya zuwa makaranta, a gidansa ne ko a maƙwabta, Kirista ne ko Musulmi, ya tsaya ya ba da sunansa da unguwarsa kafin ya tafi cin abinci.