Sawu Ba Ya Ƙarya

Yau za mu leƙa hamada, can ƙasar Nijar, wajen duwatsun Abzin da na Tarmit, mu ga yadda Abzinawa da Tubawa suke karanta rairayi.

Baƙo yakan ce babu mai rai a wurin. Makiyayi kuwa ya sani yawancin namomin hamada da dare suke fitowa, saboda zafin rana. Shi ya sa yakan yi sammako. Da sassafe rana tana ƙasa ƙasa, inuwa takan cika kowane ɗan rami, sai sawu ya fito sarai. In rana ta take, ko iska ta taso, an rufe littafin ke nan.

To, me yake gani? Sawun barewa kofato ne tsagagge, tsininsa yana nuna inda ta dosa. In kofaton ya buɗe, taku ya yi nisa, a guje take, wani abu ya koro ta. Dila yakan bar alamar farce a gaban yatsunsa, kyanwar daji kuwa ba ta bari, gama takan janye nata in tana tafiya. Ƙafar kura ta gaba ta fi ta baya girma, kashinta kuma fari ne saboda ƙasusuwan da take ci. Jimina yatsu biyu ne gare ta.

Akwai kuma maciji mai ƙaho, wanda yake tafiya a kaikaice, yana barin zane a jere, ba su haɗu da juna ba. Inda zanen ya ƙare, nan ya binne kansa. Yaron da aka koya masa wannan ba zai sa ƙafa a wurin ba.

Makiyayi yakan san shekarun sawu ma. Sabo bakinsa da kaifi, tsoho iska ta cinye bakin. In ƙwaron dare ya bi ta kansa, to, tun jiya ne.

Amma akwai sawun da yake ɓacewa. Wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da faɗin kofato, wadda Turawa suke kira adaks, dā garke garke take yawo. Ko da yake an keɓe dajin Tarmit a 2012, masu ƙidaya da suka fita a 2016 guda 3 kaɗai suka gani. Farauta da mota da bindiga ita ce ta ci su. Sawun taya ya maye gurbin sawun kofato.

'Yan'uwa, mu ma muna barin sawu, a gida, a gona, a kasuwa. 'Ya'yanmu suna biye, suna karantawa, ko da ba mu ce uffan ba. Ina sawunka ya dosa? Wanda ya bi shi, rijiya zai tarar, ko rami?

Allah ya kiyaye takunmu. Sai mako mai zuwa.