Tsakanin Tsaiko da Baibaya: Duba Kuskure Kafin a Rufe Gini a Kudancin Kano



Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, ya ratsa ƙasar Bebeji, ya kai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, sa'an nan ya karya hagu ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga gidaje barkatai a bakin hanya waɗanda aka ta da bangonsu amma ba a rufe ba. Wani an kai shi linta, wani kafinta na bisa yana ɗaura katako, wani kuma an jera masa azara ana jiran ƙasa. Da yawa daga cikin gidajen nan na ma'aikata ne da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja, waɗanda suke aiko da kuɗi a ƙarshen wata, ba sa zuwa sai jefi-jefi. Wannan lacca ta shafi 'yan kwanakin nan ne da gida yake tsaye tsirara, watau bayan an ta da shi, kafin a rufe shi a shafe shi. A cikin kwanakin nan kaɗai ido yake iya ganin abin da zai ɗauki nauyin gidan har tsawon rayuwar mai shi. Da zarar an yi yaɓe, an buga kwano, an sa silin, to, kuskure ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ba mai sake ganinsa sai ranar da ya nuna kansa.

Bahaushe yana da suna ga wannan mataki tun kafin zuwan siminti. A ɗakin jinka, ƙwarangwal ɗin rufi shi ne tsaiko. A ƙasa ake ɗaura shi, a yi masa tanka zagaye-zagaye, jama'a na tsaye suna kallo, kowa na iya kama shi ya girgiza ya ji ko ya ɗauru. Sai an gamsu da shi ake kinkimarsa a ɗora bisa ɗaki, kuma baibaya ba ta rigan tsaiko. Abin lura a nan shi ne, tsarin aikin da kansa ya ajiye wa dubawa lokacinta, ba sai wani ya roƙa ba.

Ginin ƙasa da abin da ake dubawa a cikinsa

Haka abin yake a ginin soro, sai dai ya fi zurfi. Magini ba ya ta da bango a yini guda. Yakan jera tubali 'yan layuka, ya bar su su sha iska, gobe ya dawo ya ɗora. Bangon yakan fara da kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan jinkiri yana ba da damar a ga inda ya karkace ko ya tsage tun ƙasar ba ta gama bushewa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai batun azara, wadda ita ce ƙashin bayan rufin soro. Daga giginya ake faso ta, kuma ba kowane sashe na itacen ke da amfani ba. Ɓarin waje, mai duhu da nauyi da tauri, shi ne gara ba ta iya ci. Na tsakiya kuwa, mai haske da laushi, ɓawon banza ne, shekara kaɗan zai rududduge. Tsohon magini yakan ɗaga azara ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ta ya saurari amonta, ya ware wadda aka faso da tsoka da yawa. Ya kuma san iyakarta: azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa a kan tazarar da ta wuce kimanin ƙafa 6, watau mita 1.8, ba tare da tallafi ba. In ɗaki ya fi haka faɗi, sai a yi masa tauyi, a fito da gajerun azaru daga bango ko a gitta su a kusurwa don a rage tazarar. In ya fi haka kuma, sai bakan gizo, inda ake ta da ƙafa daga wannan bango da wancan, ana ɗaure azaru daki-daki da igiya har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna kamar yadda ake ɗaure guga, shi ne ɗaurin guga. Masana irin su Dmochowski da Moughtin da Hamman Tukur Sa'ad sun auna waɗannan abubuwa sun rubuta, amma magina sun riga su sani da tafin hannu.

To, a nan ne wurin tsayawa. Kafin a shimfiɗa zana a bisa azara a zuba ƙasa, ana duba ko kan kowace azara ya shiga bango sosai, ko an jera su kusa da kusa, ko ɗaurin baka ya yi ƙarfi, ko ƙafafun biyu sun haɗu daidai a tsakiya ba ɗaya ta fi ɗaya tsawo ba. Ana kuma duba gangaren rufi, da wurin da indararo zai fita, da nisan da zai zubar da ruwa daga gindin bango. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a kudancin Kano fiye da arewacinta, domin ruwan sama a wajajen Doguwa da dajin Falgore yakan kai milimita 1,000 a shekara har ya wuce, kuma rufin ƙasa in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake yi. Azarar da ta ɗauki rufi lafiya lau a watan Maris, a watan Agusta ne za a san gaskiyarta. Aikin da aka yi da irin wannan kula yana daɗewa ƙwarai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya yi fiye da shekara 170 a tsaye kafin wani sashe nasa ya rufta a watan Agusta na 2023.

Wa yake yin wannan dubawa a da? Magini gadon sana'ar ya yi, ubansa ko maigidansa na nan kusa, a manyan garuruwa kuma akwai sarautar Sarkin Magina. Mai gida da kansa yana wurin, shi da 'ya'yansa ne ma suke kwaɓa ƙasar. Ɗakin da ya rufta kuwa, gari duka ya san wanda ya gina shi.

Bulo, rodi da katako

Tun daga shekarun 1970, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, kuɗin albashi da na noman rani suka yawaita a yankin, bulo da kwano suka yi ta maye gurbin tubali da azara. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ba laifin siminti ba ne, kaya ne mai kyau. Illarsa guda ita ce sauri da rufa asiri. Ginin da a da yake cin rani guda, yanzu birkila da leburori za su kai shi linta cikin mako biyu, filasta kuma tana mai da mummunan aiki ya yi sumul kamar na kirki. Aiki ya rabu hannu-hannu: mai bulo daban, birkila daban, mai ɗaurin rodi daban, kafinta daban, kowa in an tambaye shi sai ya nuna na gabansa. Galibi kuma jinga ake bayarwa, mai jinga kuwa ribarsa tana cikin gamawa da wuri.

Akwai doka a rubuce. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006, kuma a birnin Kano akwai hukumar tsara birane mai ba da izinin gini. Duk da haka, a watan Agusta na 2022 wani bene da ake cikin ginawa ya rushe a titin Beirut, a tsakiyar birnin. In haka ta faru a inda jami'ai suke, to, mai ginin ɗaki huɗu a Kafin Maiyaƙi ko Riruwai ya san cewa babu wani jami'i da zai zo ya tsaya masa. Dubawar ta koma wuyansa.

Abin farin ciki, yawancin abin da ake bukata bai fi ƙarfin igiya da abin awo da ido ba. A ɗaki mai kusurwa huɗu, a ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye, a sake ja ta ɗaya gicciyen. In tsawon biyun bai zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace, kuma kafinta zai sha wahalar daidaita rufi a kansa. Kusurwa guda kuma ana gwada ta da awon 3 da 4 da 5: ƙafa 3 a jikin wannan bango, ƙafa 4 a jikin wancan, tsakanin alamun biyu lalle ya zama ƙafa 5. Tsayuwar bango, igiya mai ɗan nauyi a bakinta ta isa ta nuna. Daidaiton saman bango kuwa, siririn tiyo mai ruwa a ciki yana faɗin gaskiya, don ruwa ba ya son kai. Bulon da aka tsawwala wa yashi, ƙusa ma tana kankare shi kamar gari.

Inda ya fi hatsari shi ne kankare, domin shi minti kaɗan ne tsakanin ganinsa da ɓoyuwarsa. Ranar da za a zuba linta ko ginshiƙi ko dakin, ita ce ranar da ya kamata ma'aikaci ya nemi izini a ofis ya zo, ko da ba zai zo ranar tarewa ba. Kafin a zuba, a ƙirga rodin a ga ko adadinsa da kaurinsa sun yi daidai da abin da aka biya, a ga zobban da suka ɗaure shi ba a yi musu nisa da juna ba, a kuma tabbata rodin bai jingina da katakon da aka yi akwati da shi ba. Yana bukatar kankare mai kaurin kamar inci 1 ya lulluɓe shi ta kowane gefe, in ba haka ba damshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Awon da aka saba da shi a irin wannan aiki shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kuma yawan ruwa, wanda leburori suke so don sauƙin zuba, rage masa ƙarfi yake yi. Bayan an cire katako, in an ga ramuka kamar saƙar zuma, alama ce ba a cusa shi ya zauna ba. Birkila mai wayo yakan yi maza ya shafe wurin kafin mai gida ya iso. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, yana kuma son a riƙa ba shi ruwa a makon farko, musamman a zafin bazara. Saboda haka gorar da aka tokare dakin da ita ba a cire ta kafin mako biyu, ko da mai ita yana jira zai kai wani aikin.

Sai rufi, wanda shi ne tsaikon wannan zamani. Kowace shekara, hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, a wayi gari a ga rufin makarantu da na gidaje a cikin gonaki. Mutane sukan ce iska ta yaye kwano, amma in an je an duba, sau da yawa za a tarar kwanon na nan manne da katakonsa, rufin ne ɗungurungum ya tashi. Dalili kuwa shi ne iska ba danna rufi take yi ba kawai, tsotsarsa take yi sama, musamman a baki-baki da kusurwoyi. Rufin ƙasa nauyinsa ke riƙe shi, na kwano kuwa ba shi da nauyi, sai abin da aka ɗaure shi da shi. Don haka tambaya ta farko ga kafinta ita ce, da me aka ɗaure katakon da ke kwance bisa bango? In da langalanga ko rodi ne da aka binne cikin kankare aka naɗo shi, madalla. In ƙusa ce kawai aka buga cikin bulo, wannan rufi aro ne. Daga nan a duba katakon kansa: ɗanye ne, wanda zai bushe ya murɗe ya saki ƙusa? Yana da gaɓa ko tsaga a inda nauyi zai sauka? An sa tubaitu a inda tubaifo ya kamata? An shafa masa maganin gara ta kowace fuska, har da bakin da aka yanka, ko kuwa gefen da ake hangowa daga ƙasa kaɗai aka baƙanta? Ƙusar kwano kuma a kan tudu ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Akwai wani cikas da ba na awo ba ne, na al'ada ne, kuma shi ya fi kama ɗan boko. Magini sau da yawa dattijo ne, wataƙila ma shi ya gina ɗakin da aka haifi mai gidan. Ma'aikaci ɗan shekara talatin da biyar yana jin nauyin ya hau tsani ya ƙirga rodi a gabansa, kada a ce ya je birni ya koyo raini. Harshen Hausa kuwa bai rasa hanyar fita ba. Akwai bambanci tsakanin "Me ya sa ka yi haka?" da "Baba, a nuna mini yadda aka ɗaure nan, in ƙaru." Ta farko tuhuma ce, ta biyu neman sani ne, amma duka biyun suna kai ido wuri guda. Magini na gari ba ya ƙin a ga aikinsa, hasali ma yakan ji daɗi. Wanda ya fusata don an nemi gani, ya riga ya ba da amsa.

Mafi sauƙi shi ne a yanke maganar tun ranar ciniki, gaban shaidu, tun ran gini tun ran zane. A raba kuɗin jinga kashi-kashi, a ce ba za a zuba kankare ba sai an ga rodi, ba za a buga kwano ba sai an ga katako, ba za a yi filasta ba sai an ga bango, kuma kowane biya yana bayan ganinsa. Wanda aiki ya hana shi zuwa ya wakilta wani da ba shi da rabo a jingar, ya ɗauki hoton kowane ginshiƙi da kowace kusurwar rufi da waya, da abin awo a jikinsu, ya aika masa kafin a ci gaba. In ginin bene ne, wannan duka bai wadatar ba, sai an kira injiniya mai rajista ya duba da kansa, kuɗinsa kuma a sa shi cikin lissafi tun farko tare da na siminti.