Kyanwar Rumbu Ba Ta da Asibiti: Guba, Rauni da Jinyar Kyanwa a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiyar dabbobi



Na san akwai waɗanda suka ga taken takardar nan suka yi murmushi. A ƙasar da ake fama da ciwon huhun shanu da boru da sammore da hanta, wane ne ke da lokacin kyanwa? To bari mu fara da alƙaluma. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta ƙiyasta kyanwoyin Najeriya sun kai miliyan 3.3, karnuka kuma miliyan 4.5. A ƙidayar nan jakuna ba su kai miliyan ɗaya ba, dawaki wajen dubu 200 ne, raƙuma kusan dubu 90. Wato in aka haɗa jaki da doki da raƙumi gaba ɗaya ba su kai rabin kyanwa ba. Amma duk wanda ya yi aiki a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ya san akwai abin da za a yi wa jaki in an kawo shi, kyanwa kuwa sai a ce wa mai ita ya yi haƙuri.

Mutumin Illo ko Kaoje ko Zagga ba don ado yake ajiye mage ba. Ita ce mai gadin rumbu da buhunan shanshera da bandar kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, cikin matakan kare gida daga zazzaɓin Lassa, ta sa ajiye kyanwa tare da killace hatsi da kai shara nesa. Cutar nan tana ɓangarorin iyakar biyu, don an tabbatar da ita a Benin tun 2014. Hukuncin addini a kan wanda ya wulaƙanta kyanwa kuwa kowa a zauren nan ya sha jin sa tun yana makarantar allo, ba sai na maimaita ba.

Abin da nake son kafawa ɗaya ne. Mafi yawan abin da ke kashe kyanwa a gidajenmu ba cuta ba ce, abin da muka ajiye ne da hannunmu, ko maganin da muka ɗura mata da kyakkyawar niyya. Kuma kayan ceton ta ba su fi cikin akwati ɗaya ba.

Guba a tsakar gida

Bagudo ƙasar shinkafa ce da albasa da kifi, ga Kwara ta ratsa ta. Inda hatsi yake nan ɓera yake, inda ɓera yake kuma sai an nemi shinkafar ɓera. Matsalar ita ce yadda ake haɗa ta: a kwaɓa da garin busasshen kifi ko ƙuli-ƙuli, a ajiye bayan randa ko gindin buhu. Abin da ya ja ɓera ai shi zai ja kyanwa. Gubar iri biyu ce, kuma wajibi ne ma'aikaci ya bambanta su, don maganin wannan ba ya yi wa waccan komai.

Ta farko mai tsinka jini ce. Kyanwa za ta ci yau ta tashi garau, sai bayan kwana 3 zuwa 5 a ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, numfashi ya yi wuya, wani lokaci jini a hanci ko a kashi. Zuwa lokacin mai gida ya manta ya zuba wani abu. Makarinta bitamin K1 ne, miligiram 2.5 zuwa 5 a kowane kilo kullum, kuma irin gubar da ake sayarwa yanzu tana daɗewa a jiki, sai an yi mako 3 zuwa 4 ana bayarwa. K3 da ke cikin garin bitamin na kaji ba ya maye gurbinsa. Ta biyu baƙin garin nan ne mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. In ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iskar fosfin, yana kisa cikin sa'o'i, ba shi da makari, kuma aman kyanwar da ta ci shi na iya cutar da wanda ya sunkuya yana shara a rufaffen ɗaki. A fito da ita fili, kada a ba ta abinci.

Sai fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan sinadari, masu mililita 100 zuwa ƙasa, a kasuwanni da shaguna. Duk wanda yake son sanin inda dokar ta kwana ya zaga kasuwa ranar da take ci. Ana yayyafa shi a ɗaki don sauro da kuɗin cizo, a rufe ƙofa, kyanwa ta taka ta lashe ƙafarta. Alamunsa ba sa ɓuya: dalalar miyau, ƙwayar ido ta tsuke, gudawa, tsokar jiki na rawa, ƙirji na kurari. Atirofin ne maganinsa, a fara da miligiram 0.2 a kowane kilo, a maimaita har miyau ya tsaya. Allura ce mai araha wadda ba ta bukatar firji.

A nan ne maganar iyaka ta shigo. Tsallaken Tsamiya akwai Segbana, tsallaken Lolo akwai Madekali da hanyar Malanbil, kuma jihar Alibori, wajen Kandi da Banikoara, ita ce cibiyar noman audugar Benin. Maganin feshin auduga da ake raba wa manoma can ba duka yake ƙarewa a gonar auduga ba. Yana tsallakowa a kan babur, rubutun jikinsa da Faransanci, sau da yawa ma an juye shi cikin gorar lemo ba rubutun komai. Ba sabon abu ba ne: a daminar 1999 zuwa 2000 maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe mutane da dama a arewacin Benin kafin daga baya a haramta shi. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019, aka fara buɗe wasu a Disambar 2020, ta Kamba sai a Afrilun 2022, kuma duk tsawon lokacin hankalin hukuma na kan buhun shinkafa da jarkar fetur. Ban taɓa jin an tare gorar maganin feshi ba. Irin wannan ruwa ne mutum zai ɗiga wa kyanwa a ƙeya don ƙuma, ko ya yi mata wanka da ragowar ruwan wankan shanu. Dangin sinadarin da ake rubutawa permethrin ko cypermethrin a jikin kwalba kare yana jure su, kyanwa ba ta jurewa, don hantarta ba ta iya sarrafa su da sauri. Sai rawar jiki da farfaɗiya. Ba shi da makari. A wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke, a tsane ta, a kwantar da farfaɗiyar da dayazifam.

Ƙwayar kemis

Wannan shi ya fi ci mini rai, don masu ƙaunar dabbar ne ke aikata shi. Wata dattijuwa ta aiko jikanta da kyanwa cikin kwali, daga baya ita ma ta biyo sahu. Ƙyauren langa-langa ne ya datse mata ƙafar baya, raunin da ɗauri da hutun mako kaɗan za su warkar. Da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafafun gaba sun kumbura, tana numfashi baki buɗe. Na ce, “Inna, me aka ba ta?” Ta ce, “Ɗan nan, ba komai wallahi, rabin farasitamol ne na jiƙa mata jiya da dare, na ga tana jin zafi.” Ba ta kai la'asar ba.

Mu yi lissafi. Kyanwar gidajenmu ba ta cika wuce kilo 3 ba. Farasitamol na fara yi mata illa daga miligiram 10 a kowane kilo, wato miligiram 30 ke nan gaba ɗaya. Ƙwaya ɗaya ta manya miligiram 500 ce, ta ninka wannan fiye da sau 16. Rabin da Inna ta jiƙa ya haura miligiram 80 a kowane kilo, kuma daga 50 zuwa 100 ake sa ran mutuwa. Maganin yana lalata jan jini har ya kasa ɗaukar iska, shi ya sa dasashi ke canza launi. Makarinsa asetilsistin ne, miligiram 140 a kowane kilo da farko, sannan 70 duk bayan sa'a 6, kuma amfaninsa na cikin sa'o'in farko. Ibufurofen da dikulofenak su kuma ƙoda suke kashewa su huda ciki. Mai kemis bai san wannan ba, ba a kuma taɓa gaya masa ba. Na ma ga ma'aikatanmu da suka saba da sa da tunkiya suna zuƙo ibamektin da ido, ba sikeli, su danna wa dabbar da ba ta kai nauyin zakara biyu ba.

Haka taimakon gaggawa na gida: a ɗura manja, a ɗura madara, a ɗura ruwan gishiri wai ta yi amai. Mai da madara na iya ƙara saurin shigar maganin feshi cikin jini, gishiri kuma guba ne mai zaman kansa, ɗurar dole kuwa huhu take tafiya.

Rauni

A kan raunin jiki zan taƙaita. Lokacin hunturu kyanwa na kwana cikin tokar murhu ko gindin banda ta ƙone tafin ƙafa, ko ta shige injin mota da dare direba ya tayar da asuba. Ƙuna ruwan sanyi take so na minti 10 zuwa 20. Baƙin mai da man goge baki da kalanzir da ake shafawa duk cikinta za su ƙare, tunda kyanwa ba ta barin komai a jikinta sai ta lashe. Wadda gam ɗin ɓera ya kama, man gyaɗa ke sakin ta.

Abin da ya keɓanta da garuruwan bakin Kwara shi ne ƙugiya. Sarkawa na shanya mamari da ragowar koto a jiki, kyanwa ta haɗiye. In aka ga zare na leƙowa daga baki ko dubura, kada a ja. Zaren kan maƙale a gindin harshe, hanji ya tattare a jikinsa, jan sa kuma yanka hanjin yake yi. Wannan aikin tiyata ne. Haka karayar ƙugu ko ta cinya. Inda ake da tabbacin hoton ƙashi da likitan ƙananan dabbobi shi ne Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mutumin Lolo sai ya ƙetare gadar Tuga, ya bi ta Jega da Tambuwal, ya kashe kuɗin motar da ya fi ƙarfin aljihunsa. Ba zai je ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kyanwa mai rauni tana cizo, ko mai ita ne. A lulluɓe ta da zane ko buhu kafin a ɗauka. Ciwon haukan kare na kashe mutum kusan dubu 59 a shekara a duniya, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne ke kawo kusan kashi 99, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma ita ce ke kwana ɗaki ɗaya da yara. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke da sabulu da ruwa minti 15 ya nufi asibiti. Ina tunatar da abokan aiki cewa allurar rigakafin haukan kare ta Flury LEP da aka daɗe ana yi a Vom ta karnuka ce, ba a yi wa kyanwa. Kowace 28 ga Satumba ana taro da jawabi a kan kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cutar nan zuwa 2030, amma ba kasafai ake tanadar allurar da ta dace da kyanwa ba.

Ina hukuma?

Za a ce laifin masu gida ne. Na yarda, amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kebbi na da ma'aikata sukutum ta lafiyar dabbobi da kiwo da kamun kifi. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo na L-PRES. A 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Duk tsare-tsaren nan nama da madara da ƙwai suke kallo, kuma ba na musun muhimmancinsu. Amma Bagudo, ƙaramar hukumar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita 4,700, mai mutum sama da dubu 230 tun a ƙidayar 2006, a ce babu sikelin auna dabba mai kilo 3? A wani ofishi na taɓa rubuta bukatar atirofin da K1, amsar da na samu ita ce, “Ranka ya daɗe, kyanwa ba ta cikin kasafi.” Atirofin ɗin nan shi ne dai za a nema ranar da garken tumaki ya sha ruwan da aka wanke tankin feshi a ciki.

Ba sabon gini nake roƙo ba, don mun ga yadda gine-gine ke ƙarewa. Akwati nake roƙo a kowane ofishin dabbobi daga Bagudo zuwa Kaoje da Illo, da atirofin da K1 da asetilsistin da dayazifam da garin gawayin asibiti da ruwan ƙari da ƙananan sirinji da sikeli a ciki. A haɗa da horon kwana biyu ga ma'aikatan da muke da su, da lambar waya ɗaya ta likitan ƙananan dabbobi a Sakkwato ko Birnin Kebbi da za a kira a tura masa hoto. Masu kemis da masu sayar da maganin feshi a kira su ta hannun ƙungiyoyinsu da hakimai, a gaya musu magana ɗaya da Hausa da Dandanci da Fulatanci: ba a ba kyanwa maganin mutum, ba a ɗiga mata maganin gona. Takwarorinmu na Segbana da Malanbil kuma, tunda ana zama da su a kan shanu, a ƙara maganar gorar feshi cikin ajanda.

Wakilan ma'aikata suna zaune a nan. Ina roƙon su sa akwatin nan cikin kasafin shekara mai zuwa, su kuma faɗa wa zauren nan yau sunan ofishin da zai ɗauki nauyinsa.